Madannan Kawu Goma Sha Bakwai

Wata bakwai ke nan ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Ni tela ne, karatuna bai wuce aji shida ba, kuma mutumin da zan yi magana a kansa ya fi ƙarfin rubutuna. Wani lokaci in ce bari ɗansa ya rubuta, shi da ya yi jami'a. Wani lokaci in ce ai malaman da suka yi masa salla sun faɗi abin da ya kamata. Amma ba wannan ne ya tsayar da ni ba. Idan na rubuta labarin Kawu, dole in rubuta ɓarnar da na yi da hannuna kwana tara bayan rasuwarsa, wadda har yau mutum biyu ne kawai suka sani a danginmu bayan ni. Na yanke shawarar in faɗa, domin akwai abin da nake nema wurin mai karatu, kuma ba zan iya nema ba sai na yi bayani.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Allah Ya karɓi ransa wata Talata da hantsi a gidansa na Mafara, kasuwa tana tsakar ci. Kafin azahar layin teloli da na masu shinkafa sun zama fayau. Taubashinsa, wanda suka shekara saba'in suna tsokanar juna, ya tsaya a ƙofar zaure yana cewa mutumin nan ko mutuwa sai da ya zaɓi ranar da zai ɓata wa mutane ciniki. Yana faɗa yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Mutanen Bakura sun zo a mota biyu. Na Maradun sun iso ana ɗaukar gawa, suka bi sahu ko ruwa ba su sha ba. Na ga wani mutum mai yatsu uku a hannun hagu ya zauna nesa da kowa, sai kallon teburin zaure yake yi. A lokacin ban san shi ba.

Washegari wata gwaggonmu ta Tsibiri ta iso a bayan babur. Ta haura tamanin, idonta ya yi rauni. Ta yi wa Inna, matar Kawu, gaisuwa doguwa kamar yadda aka saba, ta yi addu'a, sannan ta lalubo hannuna ta riƙe.

"To, ɗan nan, wa ka riƙon garin yanzu?"

Wanda ba namu ba ba zai gane tambayarta ba. Garin da take nufi babu shi a bayan ƙasa. Ƙauyen kakanninmu ne da ruwan dam ya shanye tun ina goye. Mutanensa suka watse, wasu Mafara, wasu Bakura, wasu Maradun da ƙauyukanta. Kawu yana saurayi lokacin, yana buga tafireta a ofishin aikin noman rani, daga baya aka koya masa kwamfuta. Da ya yi ritaya sai ya ɗauki aikin da ba wanda ya sa shi. Ya bi tsofaffi ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta ƙauyen gida gida, daga ƙofar gabas zuwa ta yamma. Wane ne mai gidan, su wa ke ciki, ina ƙofar take kallo, wace rijiya suke sha, wace itaciya ce a tsakar gida, kuma ina kowa ya nufa da ruwa ya zo. Tsofaffin da suka ba shi labarin duk sun riga shi tafiya. Garin yana cikin kwamfutarsa, kuma babu shi a wani wuri.

Kwamfuta biyu gare shi. Babbar tana ƙuryar ɗaki, ƙarfe ne mai nauyin buhun shinkafa, ya saye ta ranar da ofishinsu ya yi gwanjon tsofaffin kaya. Ita yake kira Tsohuwa, kuma a cikinta garin yake. Ba ta da fuska, domin allonta ya ƙone tuntuni kuma an daina yin irinsa. Ƙaramar tana kan tebur a zaure. Wata doguwar waya ta haɗa su, ta ratsa tsakar gida a cikin tiyo don kada awaki su tauna. A cikin ƙaramar akwai wata manhaja da ke kwaikwayon allon da ya ƙone, har Tsohuwa ta ɗauka da allonta na asali take magana. Baƙin fili ne da koren rubutu, ba hoto ba ado. Kawu yana kiran wannan manhaja Taga, wai ta nan yake leƙa garinsu.

Ba shi ya ƙirƙiri Taga ba, wani abokin aikinsa ne ya ba shi. Amma ya fi shekara ashirin yana gyaranta, yadda nake yi wa tsohuwar riga har a rasa ina asalin ɗinkin yake. Da idonsa ya fara gajiya ya ƙara wa rubutun girma. Ya mayar da duk saƙonninta Hausa. Idan waya ta saki, sai ta rubuta: Tsohuwa ta yi shiru, duba waya, kuma ba za ta karɓi komai ba sai an gyara. Gyaran da ya fi alfahari da shi shi ne na ɗaukewar wuta. A da, in wuta ta ɗauke sai ya koma tun daga ƙofar gabas yana neman inda ya tsaya. Ya yi wata guda yana fama har ya koya mata ta riƙe wurin. Ko bayan mako aka kunna ta, a gidan da aka tsaya za ta buɗe. Ranar da abin ya yi, ya aika aka kira ni daga shago, ya sa ni na zare filogi da hannuna sau uku don in shaida.

Ni ban taɓa zama a kujerarsa ba. A tabarma nake zama, ina fuskantarsa, ina jin abin da yake karantawa. Haka kowa yake yi. Mutum zai zo daga nesa, a gaisa, a sha fura, sannan ya faɗi sunan kakansa. Kawu zai taɓa madannai kaɗan, ya gyara tabarau, ya ce gidanku na huɗu ne daga rijiyar masallaci, ƙofarku tana kallon kudu, akwai tsamiya a bayan rumbu, maƙwabcinku na dama maƙeri ne. Na ga dattawa masu jikoki suna rufe fuska da hannun riga. Gwaggo ta Tsibiri kuwa sau biyu take zuwa a shekara, da an gama yankan shinkafar rani da ta damina, a karanta mata gidansu. Sunayen sun fara kuɓuce mata, amma in aka karanta tana gyaɗa kai a kan kowanne kamar ana shigo mata da su zaure.

Shekara goma sha biyu da suka wuce ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Muka ɗauka aikin ya ƙare. Da ya fara tashi zaune, sai ya sa aka kai shi tebur. Hannun hagu ba ya jin magana, in ya ɗora shi a kan kibod, wato farantin madannan, sai ya danne haruffa, allo ya cika da shirme. In ya sauke shi kuma kafaɗa ta yi ta ciwo. Inna ta ce ya haƙura. Ya ce mata hannun ne ya yi ritaya, shi bai yi ba.

Abin da ya yi shi ne, ya shiga cikin Taga ya kashe duk madannan haruffa, suka zama matashin da mataccen hannunsa ke kwanciya a kai. Sannan ya kwashe aikinsu duka ya mayar kan 'yan madannan lamba da ke gefen dama, guda goma sha bakwai. In ya danna biyu tare su ba da harafi. In ya danna ɗaya shi kaɗai ya ba da umarni. Damina guda cur ya yi yana wannan aiki da yatsu biyar. Lambobin da ke jikin madannan suka zama ba su da ma'ana, har ma ya riƙa ciro hulunansu yana musanyawa, ya sa wanda ya fi santsi inda yatsa ya fi zuwa. Don kada ya riƙa sunkuyawa yana dubawa, sai ya liƙa wa manyan umarni biyar alamar da yatsa zai ji. Ƙwayar shinkafa, ƙwayar gero, riɗi, guntun zaren da ya karɓa a shagona, da kan ƙaya da ya dasashe. Ya mayar da su kamar waƙa, har jikokinsa suna yi a tsakar gida: shinkafa buɗe, gero rufe, riɗi gaba, zare baya, ƙaya share.

A kan ƙayar nan muka yi faɗanmu, wanda shi kaɗai muka taɓa yi.

Ni mutum ne mai yawan fargaba. Ina auna mutum sau biyu kafin in sa almakashi, kuma in na kulle shago sai na dawo na taɓa kwaɗon. Kawu ne ya sa mini Malam Wataƙila, sunan ya bi ni har kasuwa. Wata rana ya gano ya rubuta wani gida sau biyu. A gabana ya taɓa ƙaya, gidan ya ɓace, mutum goma sha ɗaya da rijiyarsu, ba tambaya ba jira. Ranar ban iya cin tuwo ba. Washegari na koma na roƙe shi ya koya wa Taga ta riƙa tambaya kafin ta share.

"Malam Wataƙila, mi kaka tsoro? Ni ban tambayar kaina abu so biyu."

Na ce kuskure fa, Kawu. Ya ce wanda ya aza yatsa bisa ƙaya ai ya ji ta, don haka ya sa ta. Da na yi shiru a nan da ya fi. Amma sai na ce masa hannu ɗaya ya rage masa, shi ma rawa yake yi. Ya kashe kwamfutar, ya ɗauki sandarsa, ya shige cikin gida yana jan ƙafa.

Juma'a biyu ban taka gidan ba, kunya ta hana ni. A ta uku aka kawo mini rigarsa shago, aljihu a yage, wai in ɗinke in kai da kaina. Daga baya Inna ta gaya mini da haƙori ya yaga aljihun, tana kallo. Na kai rigar, ya duba ɗinkin ya ce bai yi kyau ba, ya miƙo mini goro. Ba mu sake tayar da maganar ƙaya ba har ya bar duniya.

Ba kansa kaɗai ya yi wa wannan aiki ba. Labari ya bazu cewa akwai wani tsoho a Mafara da ke gyara kwamfuta ta dace da hannun mai ita. Masu larura suka riƙa zuwa. Sai ya sa mutum ya ɗora hannunsa a kan takarda, ya zagaye yatsun da fensir, ya tambaye shi wanne ke saurin gajiya, sannan ya ce ya dawo bayan mako biyu. Yakan ce mini ni ina auna jiki, shi yana auna yatsu, sana'armu ɗaya, sai dai shi ba ya yi wa mutane ƙaryar gobe. Bai taɓa yi wa mutum biyu tsari iri ɗaya ba, a sanina, domin bai taɓa ganin hannu biyu iri ɗaya ba.

Yanzu ga ɓarnar.

A gidanmu ba a raba kayan mamaci sai an wanke su. Inna tana takaba, ta ce in taimaka da kayan zaure. Na wanke buzu, na wanke buta, na goge tebur. Da na zo kan kibod sai na ga dauɗar shekara goma sha biyu, jan goro da maiƙon ƙuli a kowane lungu. Na ji kunyar malaman da za su zo rabo su ga abin da Kawu ya fi so a haka. Na yi tunani sosai kafin in taɓa, Allah Ya sani. Na ɗauko takarda na zana gurbi goma sha bakwai, na rubuta lambar hular da ke kowane gurbi, na sake dubawa. Sannan na ciro su ɗaya ɗaya na zuba a kwano da ruwan sabulu mai ɗumi. Lambobin na rubuta. Alamomin ban rubuta ba, domin a ganina suna manne a jikin hulunan, inda hula ta koma nan alamarta za ta koma. Aka kira azahar, na tafi masallaci.

Da na dawo, shinkafa da gero suna kwance a ƙasan kwano. Riɗi da zare da ƙaya suna yawo a saman ruwa. Hulunan sun fita tas, duk iri ɗaya.

Inna ta leƙo daga bakin ƙofa, ta daɗe tana kallon kwanon.

"Ƙaro ne hwa, ɗana. Da ƙaro yaka liƙa su, don in yatsa ya gaji shi ɓanɓare shi matsa."

Ni na ɗauka gam ne irin na kanti. Ashe duk lokacin da wani yatsa ya yi rauni sai ya canja wa umarnin wuri a cikin Taga, ya jiƙa ƙaron, ya matsar da alamar. Inna ta ce ko gab da azumin bara ya yi haka. Waƙar tana bakina, na san aikin kowace alama. Inda kowace take zaune ne ban sani ba, domin shekara goma sha biyu fuskarsa nake kallo, ban kalli hannunsa ba.

Ɗansa ya zo daga Gusau, na gaya masa abin da na yi. Bai yi mini faɗa ba, da ya yi ma da na fi samun sauƙi. Muka mayar da hulunan, muka kunna. Taga ta buɗe a inda Kawu ya tsaya, kamar yadda ya koya mata. Layi ɗaya ne a allon, sunan mahaifin Gwaggo ta Tsibiri, ga ɗan koren haske yana ƙiftawa a gefensa. Ashe ya fara shirin zuwanta. Shinkafa za ta buɗe gidan. Ƙaya za ta share shi. Ɗan Kawu ya ce mu zare waya mu gwada madannan a banza mu ga abin da kowanne ke yi. Muka zare. Ta rubuta: Tsohuwa ta yi shiru, duba waya. Ya kawo masu gyara har biyu. Na farko ya ce irin faifan Tsohuwa ba shi da abin karanta shi, kuma in aka ɗora ta a mota ba lalle ta sake tashi ba. Na biyu ya duba Taga ya ce tsohon nan ya sauya ta har ba a gane gaba da baya, amma zai iya goge ƙaramar kwamfutar ya sa mana sabon abu mai hotuna. Na raka shi bakin titi da kaina.

Ɗan Kawu ya ce ɗaya ne fa cikin goma sha bakwai, mu yi bisimilla mu danna. Na ce ba da yatsana ba, kuma ba a gabana ba. Ya bar mini mabuɗin zaure ya koma wurin aikinsa.

Ranar sadakar arba'in mutumin nan mai yatsu uku ya dawo. Wannan karon ya zauna kusa da ni. Ya ce shi mutumin Bakura ne, injin casar shinkafa ya cinye masa hannun dama da yatsu biyu na hagu, kuma da tsarin da Kawu ya yi masa yake buga wa mutane takardu yana ciyar da iyalinsa. Ya tambaye ni ko ni ne Malam Wataƙila. Na ce awo. Ya yi murmushi ya ce ai kullum yana ganin sunana. A kwamfutarsa, in ya zo share abu, sai ta tambaye shi: Ka tabbata? In ya amsa, ta ce: Ka dai tabbata? In ya sake amsawa, ta ce: Malam Wataƙila ya ce ka sake dubawa. Ya ce ya taɓa roƙon Kawu ya rage masa tambayoyin, Kawu ya ƙi, ya ce wannan na ɗan ƙanwarsa ne, ba ya taɓuwa.

Na tashi na zaga bayan gida, wajen turken awaki, na daɗe a can.

Ko ya sa tambayar a tasa kwamfutar, ko girman kai ya bar shi ya sa wa mutane kawai, ban sani ba. Inna ba ta sani ba. Na san Kawu, duka biyun zai iya. Tsarin mutumin Bakura kuma ba zai taimake ni ba, na yatsu uku ne. Amma ya ba ni labari ɗaya. Ya ce zuwansa na ƙarshe Kawu ya gaya masa ya samu wanda hannunsu ya zo ɗaya, wani dattijo daga wajen Maradun, shi ma hagu ta shanye, har ƙaramin yatsan dama ya yi rauni irin nasa. Kawu ya ce wannan bai sha wahalarsa ba, nasa ya kwafa masa sak, har alamomin. Inna ta tuna mutumin. Dogo ne, fari, ɗansa ya kawo shi cikin watan azumi, sun zo da ƙwan zabi a ƙwarya. Tana jin daga ƙauyen Damaga suka ce, ko Faru, ba ta riƙe ba. Cikin azumi kuwa yana nufin bayan canjin ƙarshe.

Na je Maradun sau biyu ina tambaya a tasha da bakin masallaci. Hanyoyin ƙauyukan ba sa biyuwa kamar da, mutane da yawa sun tashi, ba wanda ya iya nuna mini gida.

Gwaggo ta sake zuwa bayan arba'in. Na ce mata ana gyara. Ban so in mayar da ita haka ba, sai na zaunar da ita na fara karanta mata gidansu da ka, abin da kunnena ya riƙe. Ban kai mutum na huɗu ba ta ɗaga hannu.

"Maƙerin ba nan yake ba. Bari, ɗan nan, kak ka rushe mani gida. In an gama gyaran na dawo."

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya saka masa da alherin kowane hannu da ya auna. Ni ma ina roƙon Allah Ya yafe mini maganar da na faɗa masa, da kwanon ruwan nan.

Duk Juma'a ina buɗe zaure in kunna Tsohuwa ta ɗan yi aiki don kada ta manta tashi. Ina zama a tabarma, hannuwana a cinya, ina kallon sunan yana jira. Shinkafa ta fara ja a fadama, kuma Gwaggo ta aiko cewa da an gama yanka tana tafe.

Don haka nake roƙon duk wanda wannan rubutu ya isa gare shi, a Maradun ko Damaga ko Faru ko duk inda mutanen can suka koma. In ka san wani dogon dattijo mai shanyewar ɓarin hagu, wanda ke da kwamfuta da ƙwayar shinkafa da gero manne a madannanta na gefen dama, ko ka san 'ya'yansa in shi ma ya riga mu, ka taimaka ka aiko mini. Ka shiga layin teloli a kasuwar Mafara ka ce Malam Wataƙila, kowa zai nuna maka. Ba na neman a ba ni kibod ɗin. Zan zo da kaina da takarda da fensir, in duba, in zana, in sake dubawa. Kafin in iso, don Allah a gaya wa mutanen gidan kada kowa ya wanke shi.